Ambaliyar fadamar Haɗejiya zuwa Nguru: ruwan da ke ɓata rijiya, shi ne kuma ke cika ta?

Bahaɗeje_Guri:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma ina son masana ruwa da manoma da masunta kowa ya sa baki. A yankinmu, daga Haɗejiya zuwa Guri har Nguru, duk shekarar da ruwa ya cika fadama sai rijiyoyi su ɓaci, ruwan ya yi ja, yara su kama gudawa, gonaki su nutse. Amma har yau dattawanmu na cewa shekarar da ruwa bai hau ba ita ce shekarar yunwa, wai ambaliya ce ke gyara ƙasa, ita ke cika rijiya. To ta yaya abu ɗaya zai ɓata ruwan sha kuma a ce shi ke kawo shi? Ni a ganina da za a tare ruwan nan duka a dam, a riƙa sako mana daidai buƙata, da mun huta. Ko akwai abin da ban hango ba?

Masuncin_Dagona:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in aka tare shi duka, mu dai sai mu rataye koma da kalli mu nemi wata sana'a. Kifi ba a cikin kogi yake yin yawa ba, a cikin ciyawa yake yi. Da zarar ruwan farko ya haura gaɓa wajen watan Yuli zuwa Agusta, tarwaɗa da karfasa da kurungu sai su bi shi su bazu cikin fadama. A can suke zuba ƙwai, a can 'ya'yan ke samun ƙwari da ruɓaɓɓen ganye su ci, kuma ciyawa ta ɓoye su daga manyan kifaye. In ruwa ya fara ja da baya sai su nemi komawa kogi, waɗanda suka makara su maƙale a tafkuna, su ne muke su a kansu da rani. Gaiwa ma ba ta bin ruwan, shigewa take yi cikin laka ta kwanta har wata damina. Duk masuncin da ya san aikinsa ya san shekarar da ruwa ya yi faɗi kuma ya daɗe, kifi zai wadata har baɗi.

Ummu_Hanan:
Kifi kuma ake ta magana? Mu da muke jinyar yara mu muka san kuɗin kifin nan.

Malamin_Kimiyya:
Malam Bahaɗeje, kai da dattawan kowa na da gaskiyarsa, domin ba ruwa iri ɗaya kuke nufi ba. Ruwan ambaliya yana canza hali daga zuwansa har janyewarsa.

Na farkon shi ne mafi muni. Duk abin da ya taru a ƙasa tsawon rani, kashin dabbobi, bayan gida, bola, ragowar taki da maganin feshi, shi yake kwasowa. Ga laka, shi ya sa yake yin ja. Wanda ya sha wannan ɗanye ya sayi ciwo.

Amma in ya bazu a fadama sai gudunsa ya ragu. Ruwan da ba ya gudu ba ya iya riƙe laka, sai ta kwanta a ƙasa, ita ce takin da mai shinkafa da mai noman rani ke mora ba tare da ya saya ba. Ciyayi kuma su zuƙe wani kaso na sinadaran takin da ke cikin ruwan, rana ta kashe wasu ƙwayoyin cuta a inda ruwan ba shi da zurfi. Shi ya sa ruwan da ke fita daga fadama ta wajen Gashuwa ya fi wanda ya shiga ta Haɗejiya haske.

Sai batun rijiya. Kogin Haɗejiya daga wajen Wudil ya bar ƙasa mai dutse ya hau ƙasa mai yashi, kuma yashi na shan ruwa. In ruwa ya kwanta wata biyu ko uku a kan faffaɗan fili, yana tsatsafowa ƙasa sannu a hankali, yashin na tace shi kamar yadda ake tace gasara, har ya kai inda rijiyoyi ke ɗiba. Wannan shi ne ruwan da dattawa ke nufi. Wanda ke ɓata rijiyarka kuwa bai bi ta yashi ba, ta baki ya faɗa, ko kuma ya biyo ta ramin masai da ke kusa. Hanyarsu daban ce, ko da yake ambaliya ɗaya ta kawo su.

Bahaɗeje_Guri:
Na gode Malam. To amma ai dam ma zai iya sako ruwa a kogi duk shekara, shi ma ya tsatsafa ƙasa.

Malamin_Kimiyya:
Zai tsatsafa, amma a bakin kogi kawai. Faɗin filin da ruwa ya rufe shi ne ma'auni. Ƙauyen da ke da nisa da kogi, ambaliya ce kaɗai ke kai masa.

Jikan_Likori:
Bahaɗeje, abin da kake roƙo ai an riga an yi mana shi, kuma muna cikinsa. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Chalawa a 1992, ga kuma shingen ruwan da ke wajen Auyo. Kafin nan kogin Haɗejiya cika yake yi da damina, da rani ya ƙafe ƙaf, har a tako yashinsa da ƙafa. Bayan dam sai ya koma ba ya cika sosai, ba ya kuma bushewa. Ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wa ya fi jin daɗin wannan? Kachala.

Kachala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, ba ta son ƙasa ta bushe mata wata da watanni. A da rani ne ke kashe ta, ruwa mai ƙarfi kuma ya share lakar da ta taru a hanya. Yanzu babu ranin, babu ƙarfin. Ta tsiro a bakin magudanai, ta tare laka, lakar ta ƙara mata wurin tsayawa, haka dai har ta toshe hanyoyi. Magudanar Burum Gana da tsohon kogin Haɗejiya suka shaƙe, ruwan ya karkata magudanar Marma ya nufi tafkin Nguru. Sakamakon haka mutanen Marma gonakinsu suka nutse shekara da shekaru ba sa fitowa, mutanen Burum Gana kuma suna kallon sama suna neman ruwa. Kogi ɗaya, wasu na kukan yawa wasu na kukan rashi.

Ka shiga cikin kachalar nan da kwalekwale ka shinshina ruwan. Baƙi ne, yana wari, sauro ya yi gida. Ga tsuntsayen jan baki, a cikinta suke kwana dubbai, da asuba su sauka a kan shinkafa da gero. Wannan ba ruwan da dattawa ke yabo ba ne. Su ruwan da ke zuwa ya tafi suke nufi.

Manomin_Kura:
A yi mana adalci dai. Duk lokacin da aka tashi maganar nan sai a ɗora wa Tiga laifi. Ku zo Kura da Kadawa da Bunkure ku ga shinkafa da tumatir da alkama da ake nomawa da ruwan nan. Mutum nawa ke ci daga ciki? Birnin Kano da miliyoyin mutanenta daga ina suke shan ruwa in ba daga waɗannan koguna ba? Kuma ku tuna farin 1973 da na 1984. Ba don son zuciya aka gina dam ba, yunwa aka gani.

Jikan_Likori:
Ba wanda ya ce a rushe shi, Alhaji. Yadda ake sakin ruwan muke magana.

Injiniya_Ruwa:
Manomin_Kura na da hujja, amma akwai abin da ya kamata a ajiye kusa da ita. Tun a shekarun 1990 masu bincike suka kwatanta abin da ruwa ke samarwa in aka bar shi ya malala a fadama, wato shinkafa da kifi da itace da kiwo, da abin da yake samarwa in aka kai shi manyan gonakin ban-ruwa na Kano. In aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Abin da ya sa ba a ganin haka shi ne amfanin fadama a warwatse yake, a hannun masunci da makiyayi da mai saran itace da matar da ke saƙa tabarmar kaba. Ba ya taruwa a wuri ɗaya da za a nuna wa baƙo.

Tun lokacin kuma aka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Chalawa da damina, daidai lokacin da kogin Jama'are ke cika, domin a kwaikwayi ambaliyar da, sannan a rage sakin sosai da rani domin magudanai su bushe. Wahalar ita ce masu noman rani da wuraren tace ruwan Kano lokacin rani suka fi buƙatar ruwan. Nan gizo ke saƙar.

Auwalu_Ringim:
Ina karanta ku tun ɗazu raina na ɓaci. A 2022 mu a kan titi muka kwana, da mata da yara da awaki. Gidajen ƙasa suka narke muna kallo. A faɗin Najeriya sama da mutum 600 suka rasu a ambaliyar shekarar, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Yanzu kuma wani na cewa a ƙara sako ruwa da damina? Ku ji tsoron Allah.

Hajiya_Mai_Asibiti:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar muku da alheri, Auwalu. Ba wanda zai raina abin da kuka gani.

Injiniya_Ruwa:
Amin. Malam Auwalu, ban faɗa don in rage nauyin abin da ya same ku ba. Sakin da ake nufi na shekarun da ruwa ya yi ƙaranci ne ko ya zo daidai, kuma da ma'auni, da sanarwa tun kafin lokaci. A shekarar ruwa mai yawa irin 2022, dam in ya cika dole ya zubar, ko ana so ko ba a so. Wanda aka riƙa rage masa ruwa tun farkon damina ya fi samun wurin riƙe na ƙarshenta. Sannan toshewar da Jikan_Likori ya bayyana tana ƙara muku wahala, domin ruwan da ya rasa hanyar wucewa gaba baya yake komawa, ya haura cikin gari.

Auwalu_Ringim:
Sanarwar ce ba ma gani a kan lokaci. In an faɗa a rediyo ma, ina mutum zai kai iyalinsa da buhunansa?

Hajiya_Mai_Asibiti:
Bari in koma kan abin da Ummu_Hanan ta faɗa, don an wuce shi da sauri, alhali shi ne rabin tambayar. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma abin da ke cika mana ɗakin jinya bayan ruwa ya hau ba ɓoyayye ba ne: gudawa, amai da gudawa, taifot, zazzaɓin cizon sauro. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma Bauchi da Kano da Jigawa na sahun gaba. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i in ruwan jikinsa ya ƙare.

Amma ku lura, ba kogin ne ke ƙirƙiro cutar ba. Masai ne ke cika ya tumbatsa, ga masu fita bayan gari, ruwa ya kwashe ya zuba a rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa. Don haka ina roƙon iyaye mata: in ruwa ya yi laka, a bari ya kwanta tukuna, ko a sa alam, ko dakakken ƙwayar zogale, a tsiyaye na saman. Wannan haske kawai yake sa shi, bai kashe cuta ba. Sai an tafasa, ko an sa maganin kulorin. Kuma kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, shi ya sa tacewar ke zuwa farko. Yaro in ya fara gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a kama hanyar asibiti ana ba shi.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Matsalar itacen tafasawar ne, lokacin komai a jiƙe yake. Amma zancen zogalen zan gwada.

Malamin_Kimiyya:
Hajiya, a ƙara da tsargiya. Yaranmu maza da yawa na fitsarin jini har wasu na ɗauka alamar girma ce. Ba ta shan ruwa ake kamuwa ba, ta fata take shiga in an yi wanka ko su. Ƙwayar cutar sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi kafin ta kama mutum, shi kuma ruwa mai kwanciya mai ciyawa yake so. Inda fadama ke bushewa da rani, da yawansu mutuwa suke yi. Inda ruwa ya zauna shekara cur cikin kachala ko magudanan ban-ruwa, sun samu gida. Kun ga mun sake dawowa kan maganar Jikan_Likori.

Hajiya_Mai_Asibiti:
Haka ne Malam. Akwai ƙwayar da ake rabawa a makarantu kuma tana aiki, sai dai yaron gobe zai koma cikin ruwan.

Ɗan_Ardo:
Ku ba makiyayi dama shi ma. Mu abin da ke kawo mu fadama da rani burugu ne da sauran ciyawar da ke fitowa in ruwa ya ja. Saniya in ta samu burugu ba ta ramewa, nono ma ya ƙaru. Burugu yana son ruwa ya hau shi sannan ya sauka. Inda kachala ta cinye, babu abin da dabba za ta ci, sai ɗan tohonta kawai, kuma a irin wuraren nan ne shanu ke ɗaukar ciwon hanta. Da makiyaya ta ragu, ga masu injin ban-ruwa sun kai shuka har bakin mashaya, dole a riƙa gogayya. Rigimar da kuke ji tsakaninmu da manoma a yankin Guri da Kirikasamma, wani ɓangarenta daga ruwan nan ta samo asali, ba daga mugun hali kaɗai ba.

Manomin_Kura:
Wani ɓangare dai, Ɗan_Ardo. Wani kuma sakaci ne na masu kora.

Ɗan_Ardo:
Ban musa ba, Alhaji. Akwai ɓata-gari a kowane ɓangare. Amma burtalin da aka nome fa?

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a bar batun burtali zuwa wani zaren, yana da nasa nauyin. Mu tsaya kan ruwa.

Bakano_Panshekara:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Ruwan da ke isa gare ku ta gabanmu yake wucewa. Unguwannin masana'antu na Chalawa da Sharaɗa, musamman majemun fata na zamani da masaƙu, an daɗe ana kuka da ruwan da suke zubarwa yana gangarawa kogin Chalawa. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, ba da bagaruwa irin ta majemar gargajiya ba. Da rani in ka tsaya bakin wasu magudanan, launin ruwan kaɗai ya ishe ka. Tambayata ga Malamin_Kimiyya: tunda ka ce fadama na tace ruwa, wannan ma tana tace shi?

Malamin_Kimiyya:
Tambaya mai kyau. A'a, ba kamar yadda take yi wa kashin shanu ba. Abin da ke ruɓewa, fadama na iya cinye shi. Ƙarfe irin kuromiyam ko darma ba ya ruɓewa. Yana manne wa laka, ya kwanta inda lakar ta kwanta. Ruwan zai fita da sauƙinsa, amma abin na nan a ƙasa, kuma wani kaso na iya shiga jikin tsiro ko kifin da ke kiwo a laka. Da damina yawan ruwa na surka shi, amma kuma ambaliyar ce ke tayar da wanda ya kwanta a gindin kogi ta kai shi gaba. Maganinsa a bakin masana'antar yake, kafin ya shiga kogi.

Masuncin_Dagona:
Mu ma masunta akwai namu. Masu zuba maganin ƙwari na gamalin a tafki don kifi ya taso, sun kashe na yau sun kashe na gobe, kuma mutane su ci. Sai masu kafa dumba su tare magudana gaba ɗaya da gura, ko ɗan yatsan kifi ba ya wucewa. A da sarkin ruwa ke faɗin ranar da za a shiga tafki, kafin ranar ko ƙugiya ba ka isa ka jefa ba. Bikin kamun kifi na Bade a Gogaram ai daga irin wannan tsarin ya fito, a hana ruwa tsawon lokaci sannan a buɗe rana ɗaya.

Ina da tambaya ni ma. Wani lokaci ruwa na kan cika sai mu ga kifi ya taso sama yana haki, wasu su mutu, kuma ba wanda ya zuba magani. Mene ne wannan?

Malamin_Kimiyya:
Iska ce ta ƙare musu, Baba. Kifi na shaƙar iskar oksijin da ke narke cikin ruwa. In ruwa ya rufe ciyawa da ganye masu yawa lokaci guda, suka fara ruɓewa, ƙananan halittun da ke ruɓar da su sai su shanye iskar, musamman in ana zafi kuma ruwan ba ya motsi. Da asuba abin ya fi tsanani, domin da dare tsirran ruwa ma shaƙa suke yi. Za ka lura tarwaɗa da gaiwa ba su cika damuwa ba, su suna iya haɗiyar iska daga sama. Giwan ruwa da irinsa su ne ke fara jigata. A cikin kachala mai kauri kusan kullum haka ruwan yake.

Masuncin_Dagona:
Wallahi haka ne, da sassafe muke ganinsu. Kuma giwan ruwa yanzu sai a daɗe ba a ga babba ba.

Ɗan_Difa:
Gaisuwa daga Nijar, 'yan'uwa. Ku tuna ruwan nan bai ƙare a Gashuwa ba. Shi ne Komadugu da ya raba mu da ku, ya wuce Difa ya faɗa tafkin Chadi ta wajen Boso. Tattasan da Difa ta yi suna da shi da ruwan nan ake noma shi. Mu cikar tana iso mana a makare, bayan damina ta wuce, kuna girbi mu muna kallon kogi na hawa. A 2019 ma a watan Oktoba ya haura ya ci unguwanni da gonaki. Amma duk da haka ranar da ruwa ya iso bayan kogi ya bushe, murna ake yi, yara na bin bakinsa da gudu. Abin da muke ji shi ne yanzu kusan duk ruwan da ke zuwa mana na Jama'are ne, na Haɗejiya kachala ta riƙe shi. Don haka in an ce za a tare Jama'are, gabanmu faɗuwa yake yi.

Katagumawa_Asali:
To ai ga shi an zo wurin. Dam ɗin Kafin Zaki shekara nawa ana magana ba a gama ba? Mu ma a Bauchi muna son noman rani irin na Kura. Kano ta samu biyu, mu ko ɗaya a'a? Kuma duk shekara Jama'are na cin gonaki a Zaki da Gamawa.

Ɗan_Difa:
Haƙƙinku ne ku nema, Malam. Amma ku dubi abin da ya samu na ƙasa da Tiga tukuna.

Injiniya_Ruwa:
Wannan ce gardamar da ta sa Yobe da Borno suka daɗe suna adawa da aikin. Jama'are ne babban kogin da ya rage yana cika yana sauka yadda Allah ya tsara shi, kuma ambaliyar da ta rage a fadamar yawancinta tasa ce.

Bahaushen_Marwa:
Ni daga Kamaru nake, bari in ba ku labarin namu, don ya yi kama da naku. A 1979 aka gina dam ɗin Maga da bango a gefen kogin Logon saboda noman shinkafa. Fadamar da ke ƙasa, wadda muke kira yayre, ta daina samun ruwa kamar da, ga fari ya zo ya haɗu da abin. Ciyawa mai daɗewa ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya suka watse, namun dajin Waza suka shiga wahala. A 1994 aka buɗe wata magudana da bangon ya toshe, ruwa ya koma wani sashe na fadamar. Cikin 'yan shekaru ciyawar ta fara dawowa, masunta da shanu suka dawo. Bai koma yadda yake a da ba, kuma dawowar mutane ta zo da nata rigingimun kan wuraren su. Amma dam ɗin na nan, shinkafar na nan, fadamar kuma ta farfaɗo.

Jikan_Likori:
Allah ya yi maka albarka. Abin da muke ta faɗa ke nan. Mu ma nan an sha yin gayya ana yanke kachala da hannu, mutum cikin ruwa har ƙirji, ga matsattsaku. Gwamnatin Jigawa ma ta sayo injunan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa, kuma inda suka bi ruwa na wucewa. Sai dai in ba a canza yadda ake sakin ruwa ba, shekara biyu ta dawo. In za a yanke ta, a yanke ƙasa da saman ruwa yadda kututturen zai nutse, ta haka take mutuwa. Wanda ya sare ta sama ko ya sa mata wuta ya yi mata aski ne kawai.

Mai_Son_Tsuntsaye:
Ban ga an ambaci tsuntsaye ba sai jan baki. Tafkin Nguru da Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000, daga baya aka ƙara Dagona da Baturiya. Lokacin hunturu agwagin daji da wasu tsuntsayen bakin ruwa na tasowa tun daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka nan su haɗu da namu irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe. Abin da ke kawo su ruwa marar zurfi ne da lakar da ke bayyana in ruwa na janyewa. Masu ƙidayarsu a watan Janairu sun daɗe da lura cewa yawansu na bin faɗin ambaliyar shekarar. Itatuwa ma haka, giyayya da gabaruwa suna jure tsayuwa cikin ruwa na ɗan lokaci, amma in ya zauna musu shekara da shekaru sai su bushe a tsaye.

Auwalu_Ringim:
Tsuntsun Turai dai yana da fiffike, in ruwa ya yi yawa ya tashi. Ni har yanzu ban ji wanda ya faɗa mini yadda za a yi gidana ya tsira ba.

Injiniya_Ruwa:
Gaskiyarka. Abin da na sani shi ne jinga mai ƙarfi a kewayen gari, ba a kewayen fadama duka ba, a buɗe hanyoyin da suka toshe, kuma a daina ba da fili a inda kowa ya san hanyar ruwa ce. Shekarun da ruwa ya yi ƙaranci sun sa garuruwa da yawa sun faɗaɗa zuwa cikin kwari. Sai dai jinga ma in ta kare wannan gari, ruwan na ƙara hawa a na gaba, shi ya sa ƙauyuka ke faɗa a kanta.

Bahaɗeje_Guri:
Na karanta duka, na gode ƙwarai. Na gane bambancin ruwan da ke zuwa ya tafi da wanda ke zaune, kuma kachalar da ke bayan garinmu ta isa shaida. Amma ina tare da Auwalu a wani wurin: mu da ke ƙasa ba mu da ta cewa kan ranar da za a buɗe ko a rufe, kuma in ba a gyara wannan ba, ko wane tsari aka kawo a kanmu zai ƙare. Yanzu dai abin da ke hannunmu rijiya ce. Hajiya, in ruwa ya riga ya shiga rijiya, me ake yi? Kuma ɗaga bakinta zuwa ina ya isa?

Hajiya_Mai_Asibiti:
A jira ruwan ya janye, a kwashe na cikin duka har laka, a wanke bangon, a zuba kulorin mai ƙarfi ya kwana, a sake kwashewa har warin ya ragu kafin a sha. Ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma sun san ma'aunin, a neme su, kada a yi da ka. Bakin kuma a gina shi ya wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa, alamar na nan a jikin bangaye da itatuwa. A yi masa daɓen siminti mai gangara da murfi, guga ɗaya kowa ya yi amfani da shi, a rataye shi. Masai kuma ya yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta gangare.

Ummu_Hanan:
Mita 30 a cikin gari Hajiya? Gidanmu duka bai kai haka ba, kuma masan maƙwabta na jikin katangarmu.

Hajiya_Mai_Asibiti:
Na sani, 'yar'uwa, yawancin gidaje haka suke. In haka ne rijiyar gida ta zama ta wanki da wanke-wanke, na sha a ɗebo daga burtsatse mai zurfi in akwai, in babu a sa kulorin a randa kullum, ba sai lokacin ambaliya ba.

Manomin_Kura:
Injiniya, ka ce a rage sakin ruwa da rani don magudanai su bushe. Wata nawa kake nufi? Don alkama ba ta jure ƙishi a watan Janairu, kuma ni ban ga manomin da zai yarda a rufe masa ruwa shuka na tsaye ba.

Jikan_Likori:
Ruwan Kadawa ta babbar magudanar Tiga yake zuwa muku, Alhaji, ba ta cikin kogi ba. Wanda ake sakowa cikin kogin shi muke magana a kai. Injiniya ya gyara mini in ba haka ba ne.